Kaset ɗin Wajen Biki: Dukiyar da Ke Ruɓewa a Kasuwar Jalingo

Duk ɗalibin da ya zauna ajin waƙar baka a wannan sashe namu ya ji malamai suna nanata magana guda, wato ita waƙar baka ba ta cika waƙa sai a inda ake aiwatar da ita, gaban jama'a, da kiɗa da amshi da masu liƙi. Mukan rubuta wannan magana a littafi, mu haddace ta, mu mayar wa malam abinsa ranar jarrabawa. To amma idan aka zo rubuta kundin kammala digiri, me muke yi? Sai ka ga ɗalibi ya nufi wajen masu tura waƙoƙi a waya, an zuba masa waƙar minti bakwai wadda aka ɗauka a sitidiyo, ya juye ta a takarda, ya fitar da turke da salo, shi ke nan an gama nazari. Wani ma ko sauraren ba ya yi, matanin da wani ya riga ya juya a tsohon kundi zai kwafo, har da kurakuransa.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, abin da ya kamata mu riƙa nazari yana nan, kuma bai yi mana nisa ba. Yana cikin tsofaffin kaset-kaset da aka ɗauka a wuraren biki da dandali da otal-otal, waɗanda ragowarsu ke jibge cikin kwalaye a bayan shagunan kasuwanni irin Kasuwar Jalingo, zafi da raɓa da gara suna cin rabonsu a hankali. Idan mu ɗaliban Hausa ba mu tashi mun kwaso su ba, ban ga wanda zai yi ba.

Bari in ɗan yi nisa da gida kafin in dawo. A shekarar 1968 aka kafa wata ƙungiyar makaɗa a birnin Kolon na ƙasar Jamus mai suna Can. Kiɗan jita da ganguna na zamani suke yi, irin wanda Turawa ke kira rok, sai dai su nasu na gwaje-gwaje ne. Biyu daga cikinsu, Irmin Schmidt da Holger Czukay, sun yi karatun kiɗa a hannun shahararren masani Karlheinz Stockhausen, amma suka zaɓi su hau dandali ba tare da sun tsara abin da za su kaɗa ba. Mai ganga zai ɗauko wani zubi, mai jita ya bi shi, sauran su shigo, a yi ta tafiya har inda Allah ya tsayar. Akwai ma wani makaɗi ɗan ƙasar Ghana, Rebop Kwaku Baah, da ya shiga cikinsu a 1977. Tun da abin da suka kaɗa a daren yau ba za su sake kaɗa irinsa gobe ba, sai wasu masoyansu suka riƙa shiga wurin wasa da 'yar rikoda a ɓoye, suna ɗauka, suna ajiyewa.

A shekarar 2021 aka fitar da ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗauka, ta wasan da suka yi a birnin Stuttgart a 1975. Shekara 46 ke nan tsakani. A lokacin mai jitarsu Michael Karoli ya rasu tun 2001, mai gangarsu Jaki Liebezeit da shi Czukay sun rasu a 2017. Irmin Schmidt da ya rage shi ya zauna da injiniya suka gyara sautin. Kiɗan da ke ciki ko suna ba shi da shi, lamba kawai aka sa wa kowane yanki, daga ɗaya zuwa biyar, kuma wani yankin ya haura rabin awa. Duk da haka mutane suka saya, jaridu suka yi sharhi, aka ci gaba da fitar da wasu wasannin ɗaya bayan ɗaya, har da na birnin Paris na 1973 wanda ya fito a 2024.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da kiɗan Jamusawa? Ni ma ba kiɗan ne ya dame ni ba, kuma ba na jin zai yi wa yawancinmu daɗin ji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa suka ga darajar wannan tsohuwar ɗauka: sun gane cewa makaɗin da ke ƙirƙira nan take, aikinsa na gaskiya yana wurin wasa, abin da ya shiga sitidiyo kuwa ɗanɗano ne kawai. Jama'a, wace al'umma ce wannan magana ta fi shafa kamar mu? Abin da waɗannan Jamusawa suka yi har duniya ta kira su masu gwaje-gwaje, ai shi ne abincin yau da kullum na makaɗan Hausa tun kaka da kakanni.

Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a watan Yuni na 1999. Kowa ya san shi da yin waƙa nan take, ya dubi mutum ko wani abu da ya faru a gabansa, ya ɗora gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu su bi. Bakandamiyarsa ma ba guda ɗaya ba ce, domin duk inda ya rera ta sai an sami ƙari ko ragi, gwargwadon wurin da mutanen da ke wurin da kuma abin da ke ransa a ranar. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi Shatan digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah!, a 2006. Wato ba a yi wa Shata rowar nazari ba. Amma ka tambayi ɗalibi ɗan aji huɗu, rerawa nawa ta waƙa guda ya taɓa jerawa ya kwatanta, ya ga abin da mawaƙin ya sauya tsakanin wannan gari da wancan? Da wuya ka sami wanda ya wuce ɗaya. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Barmani Choge da ta rasu a 2013, da Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015.

Yana da kyau mu tuna abin da sitidiyo ke yi wa waƙar baka. Tsohon faifan garmaho bai fi ɗaukar kimanin minti uku a kowane gefe ba, babban faifan da ya biyo bayansa kuma kimanin minti ashirin. Gidan rediyo ma yana da nasa lokacin shiri da nasa dokokin. Saboda haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa dole ya matse, ya zubar da ɗiyan waƙa masu yawa, ya kauce wa abin da hukuma ko mai kamfani ba za su so ba. Yana tsaye gaban makirfo, babu wanda yake kallo sai injiniya a bayan gilashi. Babu mai liƙi, babu guɗa, babu abokin hamayyar ubangidansa da ke zaune a gefe wanda za a jefa wa habaici kowa ya juya ya dube shi.

Kaset ɗin wajen biki kuwa duk yana ɗauke da waɗannan. Za ka ji sanƙira yana yanka kiɗa yana shelar wane ɗan wane ya ba da kaza, ya ambaci garinsa da sana'arsa. Za ka ji yadda mawaƙi ke juya akalar waƙar da zarar wani babba ya shigo fili, da yadda 'yan amshi ke ɗan daburcewa kafin su kama sabon layi, da yadda mai kalangu ke yi wa mutum kirari da ganga tun kafin baki ya furta. Za ka ji guɗar mata, da dariyar da ta ɓarke bayan wani zambo, wadda ita ce shaidar cewa jama'ar wurin sun gane wanda ake nufi. Wani lokaci har ƙarar janareto da kukan yaro da kiran sallar asuba daga nesa, wanda ke gaya maka tsawon daren da aka yi. Ɗalibin adabi zai sami aiwatarwa da sadarwa a nan. Ɗalibin tarihi zai sami sunayen fatake da direbobi da dillalan shanu da 'yan siyasar ƙaramar hukuma waɗanda babu wani littafi da ya ambace su, tare da adadin kuɗin da ake ganin ya isa a yi shelarsa a wancan zamani. Wanda ya san darajar Naira ashirin a bakin sanƙira a farkon shekarun 1980 ya san wani abu game da tattalin arzikin ƙasar nan.

Me ya sa na ce Jalingo, ban ce Kano ko Kaduna ba? Na farko dai nan na fi sani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu kuma, akwai abin da kasuwarmu ke da shi wanda manyan biranen ba su da shi. Jalingo ta zama mazaunin Sarkin Muri tun ƙarshen ƙarni na 19, ta zauna cikin tsohuwar Jihar Gongola daga 1976, sannan ta zama babban birnin Jihar Taraba da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Gari ne da Bafulatani da Mumuye da Jukun Kona da Bahaushe da Tibi da Ibo ke haɗuwa a rumfa guda, mai doya daga Zing, mai busasshen kifi daga bakin Binuwai, kowa da harshen gidansu, amma ciniki da Hausa ake yi. Ni kaina ba da Hausa aka yi mini magana a zanin goyo ba. A layi da makaranta da kasuwa na tsince ta, kuma lasifikar masu kaset tana cikin malamaina na farko.

To ita wannan Hausa tamu ta bakin kasuwa, wadda ba ta cika damuwa da bambanta namiji da tamace ba, wadda sau da yawa ƙ da k duk ɗaya ne a cikinta, wadda ta ari kalmomi daga Fulatanci da sauran harsunan yankin, a ina aka adana yadda take shekara arba'in da suka wuce? Ba a rubuta littafi da ita ba. Gidan rediyo ba ya karanta labarai da ita. Inda kawai za ka ji ta yadda take a wancan lokaci shi ne a bakin sanƙira da mai gabatarwa da 'yan kallo da ƙananan mawaƙan gari a cikin waɗannan kaset-kaset. Duk mai son ya yi nazarin yadda Hausa ke sauyawa a bakin waɗanda ba ita ce harshensu na farko ba, ga hujja nan da murya, ba da ƙiyasi ba.

Sannan akwai makaɗan da ba su taɓa taka sitidiyo ba. Shata da Ɗanmaraya ko ba komai kamfanoni da gidajen rediyo sun ɗauke su. Amma mai goge da ya yi tashe a unguwa guda, da mai garaya da ke bin kasuwannin ƙauye, da matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan suna, da samarin da suka haɗa kuɗi suka sayi jita suna wasa a otal ranar Asabar, su fa? Idan wani bai danna maɓallin rikoda a wurin ba, to sun tafi ke nan kamar ba a yi su ba.

A wani hutu na zauna wajen wani dattijo a kasuwar, wanda ya yi shekaru yana sana'ar kaset kafin ya koma sayar da caja da murfin waya. Da na tambaye shi tsofaffin kaya sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, me za ka yi da shara?" Na ce, "Baba, sharar nake so in gani." Ya sa yaronsa ya jawo kwali biyu daga ƙarƙashin tebur. Wasu kaset ɗin sun yi fumfuna, wasu zaren ya manne, wasu an rubuta suna da biro ya goge. Muka sami rediyo mai kaset da kyar a wajen wani mai gyara, muka riƙa gwadawa. A cikinsu akwai wani TDK na minti casa'in da babu komai a jikinsa sai kalmar "wasa". Abin da ke ciki ya ba ni mamaki. Wasu samari ne da jita biyu da gangunan bature, sun haɗa da kalangu, mai waƙar yana fara ɗa da Hausa ya ƙarasa da Fulatanci, can kuma sai su bar waƙar gaba ɗaya su shiga kiɗa zalla na fiye da minti goma, mai jita yana kwaikwayon zubin goge, mai kalangu yana ba shi amsa, jama'a suna ihu. Sautin ba shi da kyau, wani wurin ma sai ka kasa kunne sosai. Amma ban taɓa jin irinsa a rediyo ko a waya ba. Dattijon ya ce yana tuna lokacin da ake yin irin wannan wasa zamanin Gongola, kuma yana jin akwai mutum ɗaya ko biyu a gari da za su iya gane muryar mai waƙar. Da a Jamus aka tsinci wannan kaset, da yanzu an buga shi da hoto da dogon sharhi. A nan kuwa yana ƙarƙashin tebur, kusa da jarkar fetur ɗin janareto.

Na tambaye shi sauran kayan shagon na da. Ya ce da aka daina sayen kaset, wasu ya zubar, wasu yara suka zare zaren suna wasa da shi, wasu kuma manoma suka karɓa suna ɗaurawa a gona don korar tsuntsaye. Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwa ne, kuɗin haya yake biya, ba gidan tarihi ya buɗe ba.

Wani zai ce ai an riga an juye komai zuwa waya da intanet, ga YouTube nan cike da Shata. Wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai inda ake zato ba. Da sana'ar ta tashi daga kaset ta koma faifan CD, sannan ta koma memori, a kowane mataki abin da ake saye kawai aka ɗauka aka tsallaka da shi. Mai turi ba zai ɓata wuri da kaset ɗin minti casa'in na wani mawaƙin da ba a sani ba. Wanda ma aka juye, sau da yawa an yanke farkonsa inda mai gabatarwa ke faɗin wuri da dalilin taron, an yanke shelar sanƙira don wai tana ɓata waƙa, an matse sautin don ya shiga ƙaramar waya, sannan aka laƙaba masa sunan da mai turin ya ga dama. Abin da ya rage waƙa ce marar gari, marar shekara, marar dalili. Mai sauraro zai ji daɗinsa, amma manazarci ba abin da zai kafa hujja da shi.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma ba a yi shi don ya dawwama ba. Zaren roba ne da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, zafi yana sa shi ya saki, danshi yana sa shi fumfuna ko ya manne. Wanda ya san zafin Jalingo a watan Maris da Afrilu cikin shagon kwano, sannan ya san damina a wannan yanki, ya san abin da nake nufi. Ko zaren ya tsira, na'urar da za ta karanta shi tana ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya sun yi shelar gargaɗi cewa na'urorin kunna irin wannan zare da kayan gyaransu suna gab da ɓacewa, har masana suka ambaci wajejen 2025 a matsayin lokacin da abin zai yi wuya ƙwarai. Ga shi mun riga mun iso wurin. A kasuwarmu masu gyaran rediyo na da duk sun koma gyaran waya, kuma yaran da suke koya wa aiki ba su taɓa canza bel ɗin rikoda ba.

Akwai kuma waɗanda suka riga mu farga, sai dai ba 'yan gida ba ne. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattaro kiɗan rok na samarin Nijeriya na shekarun 1970 ya fitar a 2008. Kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da kiɗan Bombino a 2009, wanda wani sashensa a fili aka ɗauke shi a Agadas, kuma daga nan sunansa ya fara zagaya duniya. Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar a 2011, a ciki ne mutane da yawa a waje suka fara jin Mdou Moctar na Nijar. Shi ne kuma ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani a 2013, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Nijar a Yamai tun 1978. Ba na cikin masu zagin waɗannan mutane, domin sun yi abin da mu ba mu yi ba, kuma wasu makaɗan sun ci moriyar abin. Amma kowa da kunnensa yake zaɓe. Su jita suke nema da abin da zai yi wa mai saye a Landan daɗi. Ba za su zo neman awa guda ta kalangu da shelar sanƙira ba, domin ba sa jin abin da ake faɗa, alhali a wurinmu abin da ake faɗar shi ne dukiyar.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu dalilansu ba na wasa ba ne. Mafi nauyi shi ne na masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Wasannin nan da yawa a otal aka yi su ko a gidajen da ba a son ambato, akwai batsa a wasu, akwai zambon da aka yi wa mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu suna nan da rai, wasu ma su ne manyan gari a yau. Akwai mawaƙin da ya tuba ya bar kiɗa, iyalinsa ba sa son a tono. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ɗauki irin wannan kaset ya watsa a intanet don neman mabiya ya yi ɓarna. Amma adanawa daban, watsawa daban. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna cike take da rahotannin Turawan mulki masu ɗauke da maganganu marasa daɗi a kan sarakuna da talakawa, ba a ƙone su ba, an dai sa ƙa'idar wanda zai gani da yadda zai yi amfani da su. Haka za a yi wa kaset. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce za a tsabtace ɗaukar, a yanke inda bai yi wa wani daɗi ba, sannan a ajiye ragowar a ce ga tarihi. Wanda ya yanke zambo daga waƙar Bahaushe ya yanke rabin ma'anar yabon da ke cikinta, tun da sau da yawa ana ɗaga ubangida ne ta hanyar kwantar da abokin gabansa.

Sai batun haƙƙi. Waɗannan kaset-kaset yawancinsu ba da izinin mawaƙi aka ɗauke su ba, kuma an yi shekaru ana kwafa ana sayarwa ba tare da ko sisi ya shiga aljihunsa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga mai aiwatar da wasa da kuma kayan al'adun gargajiya. Saboda haka idan har wata rana aka ga wani abin da ya cancanci a fitar kasuwa, wajibi ne a nemi magada a zauna da su, kamar yadda aka fitar da na Can da hannun wanda ya rage a cikinsu. Kada mu gyara sakacin baya da sabon zalunci. Amma jiran a warware wannan kafin a juye kaset ɗin, daidai yake da barin mara lafiya a ƙofar asibiti ana gardamar wanda zai biya kuɗin kati.

Masu cewa sautin ba shi da kyau kuwa, amsarsu gajera ce: rubutun ajami da ruwa ya taɓa ma ba shi da kyan gani, amma ba mu taɓa jin manazarci ya jefar da shi ba.

Abin da nake roƙon sashenmu da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ba ya bukatar miliyoyi. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundi, kuma kowa ya san yadda ake maimaita waƙoƙi ƙalilan ɗin nan da aka riga aka tatse. Me zai hana a ba wasu daga cikinmu damar su ɗauki kaset guda na wajen biki ya zama shi ne kundinsu? Ɗalibi ya samo shi, ya juye shi zuwa kwamfuta daga farko har ƙarshe ba tare da yanke ko daƙiƙa guda ba kuma ba tare da matse sautin ba, ya ɗauki hoton kaset ɗin da duk abin da aka rubuta a jikinsa, ya rubuta matanin har da maganar sanƙira da ta 'yan kallo. Sannan, wanda shi ne ainihin aikin, ya koma wajen dattawa ya kunna musu, su gaya masa wane ne wannan, gidan wa aka yi wasan, wace shekara, wa ake yi wa habaicin nan kuma me ya jawo. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya riga ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka, kuma a cikinta akwai tarihin waƙa da wurin da aka yi ta da shekarar. Sau da yawa nan ne ɗalibi ke cike gurbi da zato, domin waƙar da ya samo a waya ba ta zo da ko ɗaya ba.

Kayan aikin su ne rikoda mai lafiya guda ɗaya ko biyu, da wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta, da ma'ajiya biyu, ɗaya a sashe ɗaya a ɗakin karatu, don in ɗaya ta lalace a sami ɗaya. A kuma riƙa biyan masu kaset ɗin kuɗin kayansu, ko a ara a juye a mayar musu, a rubuta sunansu a kundin a matsayin waɗanda suka adana, domin sun cancanci hakan. Wanda ya fito daga Wukari ko Bali ko Gembu ko Mutum Biyu ya duba kasuwar garinsu, kada kuma a tsaya kan Hausa kaɗai idan aka ci karo da na Jukun ko Mumuye ko Fulatanci, a juye duka, masu nazarin waɗannan harsuna za su gode mana.

Dattijon nan na kasuwa ya ce zai riƙe mini kwalayen biyu zuwa hutu mai zuwa, bayan nan kuma yana bukatar wurin don zai ƙaro kaya. Na ƙirga kaset 140 da 'yan kai a ciki, waɗanda muka iya gwadawa ba su kai ashirin ba. Duk ɗalibin da ke da tsohuwar rikoda mai aiki a gidansu, ko ya san mai gyaran da har yanzu yake da bel da kan karatu, ya neme ni ta hannun shugabannin ƙungiya kafin mu tafi hutu.